Uwar da Na Ƙaga a Tashar Kaura

Tun ranar da 'yar'uwarku Hauwa'u ta ce a tsakar gida, a gaban 'yan gaisuwa, wai ita dai har kakarku ta koma ga Allah ba ta taɓa jin ta yi wa Baba magana ba, wai anya kuwa tana sonsa, maganar nan ba ta bar raina ba. Ban tanka ba a lokacin, don zaman makoki ba wurin gardama ba ne. Amma duk kun ji, na kuma duba fuskokinku ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya musa. To, ga amsarku. Sai dai ku yi haƙuri da tsoho, amsar ba miƙaƙƙiya ba ce, sai ta ratsa ta Kaura Namoda, ta wani aji da na shiga a ruɗe na fito a ruɗe.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna kakarku, ita kuma Bafillatanar Zurmi ce da aure ya kawo Katuru. Ku 'yan yanzu da uwarku ke ƙwala muku kira tun daga bakin titi ba za ku gane kunyar ɗan fari ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Zurmi, ban dawo ba sai da ta rasu, ina da wayona. Na dawo na iske macen da ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, ba ta zama inda nake zaune. In na durƙusa gaishe ta da safe, bango take amsa wa. In tuwo ya sauka, sai ta ce wa ƙanwata, gwaggonku Asabe, "Ku ce ma wanga tuwo na hucewa," alhali ga ni zaune, taku uku tsakaninmu. In babu kowa a gidan, akuya take faɗa wa. Wallahi akuya. Akwai wata jar akuya da ta fi ni jin muryar uwata. Ban taɓa ɗaukar wannan wani abu ba, haka na ga ana yi a kowane gida na mutunci.

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, sai aka shiga cewa malaman firamare irina su ƙaro takarda ko su ga ana tsallake su. Ina da mata da goyo a lokacin, babbar yayarku ce a baya. Na yi ta ja da baya har shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, sannan na shiga karatun ƙarshen mako a Kaura. In fita Katuru da sassafe ranar Asabar, in canza mota a Shinkafi, in dawo Lahadi da la'asar. A cikin darussan akwai wani wai shi rubutun ƙagaggen labari. Ban zaɓe shi don ina so ba. An ce mini ne ba shi da lissafi.

Malaminmu Malam Tukur, gajere, mai saurin magana, kullum da alli a gefen hularsa. Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ya juya mini kai. Makon farko ya cika allo da jigo da salo da zubi da tsari, na kwafe tsaf ban gane ko ɗaya ba. Mako na biyu ya ce, "Ku rubuta abin da kuka sani." Na ce madalla. Mako na uku ya ce, "Ku ƙaga, kada ku kawo mini tarihin gidanku." Na ce to fa. Mako na huɗu ya ce, "Kada ku faɗa, ku nuna." Na duba birona, na duba takarda. Yaya mutum zai nuna abu da biro ba tare da ya faɗa ba? Ga shi kuma shekarar kowa na taka tsantsan, an rufe gidajen giya, an raba wa mata motocinsu, ko'ina ka zauna maganar halal da haram ake. Sai wani ɗan ajinmu, mutumin Jangeru, ya ɗaga hannu ya tambayi abin da ke cin kowa.

"Malam, wanga ƙage da kaka koya muna, ba ƙarya ba ta?"

"Maƙaryaci so yake a yarda an yi abin da ba a yi ba," in ji Malam Tukur. "Mai labari tun farko ya gaya maka ƙagawa ya yi. Amma fa in ya sa wa mutum maganar da zuciyar mutum ba ta yin irinta, to nan ya yi ƙarya."

Mutumin Jangeru ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ni ma na gyaɗa. Da muka fito na tambaye shi, ya ce shi ma ni yake shirin tambaya.

Ranar ce Malam ya ba mu aikin da ya jawo mini duk abin da ya biyo baya. Ya ce kowa ya rubuto shafi biyu, hira zalla, tsakanin uwa da ɗanta da ya dawo daga tafiya. Ya ce a ɗauko daga rayuwa, amma a canza sunaye. 'Yan aji suka yi ta murna, wai aiki mai sauƙi. Ni kuwa sai na tambayi kaina. Wace hira? Shekara talatin da 'yan kai ina duniya, ban taɓa yin hira da uwata ba ko ta minti ɗaya. In na rubuta abin da na sani, shafi biyun nan fari fat za su tafi. Na zauna a kan benci a tasha, ana jiran motar Shinkafi ta cika, na ce to ai an ce a ƙaga. Na tuno irin littattafan soyayyar da ake bazawa a bakin kasuwa, inda uwaye ke rungume 'ya'yansu. Na ƙago wata mata na sa mata Hajiya Saratu. Ɗanta na sallama ta fito a guje ba ko takalmi, tana cewa, "Lawali! Lawali ɗana, ka dawo? Zo in gan ka. Ka rame, Lawali. Na yi kewarka." Haka na yi ta zubawa. Na canza sunan uwar, na canza garin, amma sunan ɗan na bar shi nawa. Na daɗe ina cewa mantuwa ce. Yanzu da na tsufa ba na rantsewa.

Mako na zagayowa Malam Tukur ya miƙo mini takardata da jan biro, huɗu cikin goma. Ya tsare ni bayan an tashi.

"Malam Lawali, ina ka samo wannan matar?"

Na ce ƙaga ta na yi, kamar yadda ya ce.

"Ba ka ƙaga ta ba, aro ta ka yi. Wannan ba ta taɓa shan ruwan Zamfara ba. Je ka gida ka zauna mako guda, ka rufe bakinka ka buɗe kunnenka. Abin da ka ji an faɗa shi za ka rubuto mini."

Raina ya ɓaci ƙwarai. An ce in ƙaga, na ƙaga, an ce aro ne. An ce kada in kawo tarihin gidanmu, yanzu an ce in koma gidanmu. Na dunƙule takardar na jefa a jaka. A Shinkafi na saya wa Inna tsarabar da na saba, goro da ɗan busasshen kifi. Ku sani, ba a hannu nake ba ta ba, ba ta karɓa. A bakin ƙofar ɗakinta nake ajiyewa in wuce, ita kuma ba ta taɓa nuna ta gani ba. Ranar nan garin haushi da gaggawa na juye kayan a leda ɗaya, ashe takardar ta bi goron. Na ajiye na tafi masallaci.

Inna ba ta yi boko ba. Ta buɗe leda ta ga takarda da rubutun hannu, daga ɗan da bai taɓa aiko mata da takarda ba. Me za ta ɗauka in ba wasiƙa ba? Ta aika aka kira Asabe daga gidan mijinta, nan bayan namu. Ni kuma ina dawowa daga sallar la'asar, na sa ƙafa a zaure ke nan, sai na ji sunana na fitowa daga ɗakin Inna. "Lawali ɗana, ka dawo?" Muryar Asabe ce, tana karatu tana tuntuɓe, amma daga ɗakin da ban taɓa jin sunan nan ya fito ba. Na tsaya riƙe da bango har ta kai ƙarshe. Sannan na ji Inna.

"Wagga Saratu ɗiyar wa ta?"

"Inna, ba kowa ba ta. Ga alama aikin makaranta na, ba wasiƙa ba."

"Aikin makaranta ya biyo goro har ɗakina? Ashe an yo wata uwa Kaura. To, Allah Shi bar su tare."

Daga ranar Inna ta ɗauke mini magana. Za ku yi dariya, ku ce wace maganar? Ni ma da haka zan ce. Sai da ta ɗauke na san akwai ta. Babu sauran "ku ce ma wanga." Tuwo ya sauka, sai dai uwarku ta kawo mini shiru. In gaishe ta da safe, ko bangon ba ta amsa wa. Jar akuyar nan ta yi ta yawo a tsakar gida babu mai ba ta saƙo. Tsarabata kuwa in ajiye Lahadi, in iske ta Litinin inda na bar ta, sai yara su kwashe. Ta ɗauka na rubuto ne in gaya mata ta kasa, in nuna mata irin uwar da nake so. Ga shi ba ni da hanyar wanke kaina. In shiga ɗakinta in zauna in yi bayani? Ban taɓa ba, kuma da na yi da na ƙara ɓata lamarin, don tashi za ta yi ta bar mini ɗakin. Na aiki Asabe sau uku, sau uku Inna na ce mata ta duba tukunya kada ta ƙone. Tsoro ya kama ni sosai, na gaske, cewa ɗan zaren da ke tsakanina da uwata na tsinke shi da hannuna saboda maki goma.

Ga kuma Malam Tukur na jiran aikinsa. Ya ce in saurara in rubuta abin da na ji, ni kuwa na koma gidan da aka daina faɗin komai. Mako guda ya zama uku, uku ya zama shida. In zauna gindin darbejiyar gidanmu da littafi a cinya kamar mai karɓar haraji, shafi fari. Duk Asabar ya tambaye ni, in ce ana nan ana yi. Ran nan dai, don rasa abin yi, na fara rubuta abin da na daina ji. Na rubuta yadda ɗa ke dawowa daga tafiya, ya yi sallama, uwar na tankaɗe ba ta ɗago ba. Ta ce wa akuya, "Kauce, ki bar mutane su wuce, sun sha rana." Ta ce wa yarinya, "Randar ƙurya ta hi sanyi, in wani na son ruwa." Ya zauna, sai ga fura a dame, nonon ya fi na kullum yawa. Ya tambayi yarinyar yaushe aka dama, ta ce tun azahar, kuma sau uku ana aiken ta bakin hanya wai ta dubo ko mai kalanzir ya zo, alhali kwalbar cike take. Uwar ta ce wa tukunya, "Wasu dai in sun tahi birni ba su cin abinci." Shi ke nan. Babu suna, babu runguma, babu abin da na ƙaga ko ƙwaya ɗaya. Na kai ne kawai don a daina tambayata, ina jiran biyu cikin goma.

Malam Tukur ya karanta a tsaye. Ya sake karantawa. Sai ya buga tebur ya ce kowa ya yi shiru, ya karanta wa aji da ƙarfi. Mutumin Jangeru, ƙato da gemunsa, ya sunkuyar da kai yana murza ido da bakin rawani. Malam ya rubuta tara, ya ja layi biyu a ƙasa.

"Wannan shi ne kada ka faɗa, ka nuna. Ka gane yanzu?"

Na ce, "Malam, wallahi ban gane ba. Wancan da na ƙaga kun ce ƙarya ne. Wannan da ban ƙaga ba kun ce shi ne ƙagaggen labari."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce in bar shi haka, ganewa na tafe. Sannan ya gaya mini yana tattara ayyukan ɗalibai mafi kyau za a buga ɗan littafi a Gusau, nawa ne zai buɗe shi. Sunana a littafi! Ba zan ɓoye muku ba, na so abin nan kamar raina. Duk hanyar Shinkafi ina ganin bangon littafin a idona. Amma na ce sai Inna ta ji tukuna. Takarda ce ta ɓata, bari takarda ta gwada gyarawa.

Na ba Asabe, na roƙe ta. Ta sami Inna a tsakar gida da hantsi tana tsintar wake, ta zauna gefenta ta fara karantawa ba tare da neman izini ba. Ni ina zaure, ina leƙe ta kafar asabari, da girmana da iyalina. Inna ba ta tashi ba. Hannunta bai daina tsinta ba, sai dai da aka zo wurin mai kalanzir na ga ta zuba tsakuwa cikin wake, ta watsar da waken a ƙasa. Asabe ta gama. Inna ta kori kazar da ta zo cin waken, ta ce mata,

"Ashe mutum na magana cikin gidanshi ana ƙirga mishi."

Ta ja faifai ta ci gaba. Can, ba ta ɗago ba, ta ce,

"Ku ce ma mai takarda, abin cikin gida ba a kai shi Gusau. Ku ce mai kuma goron wancan mako ya bushe, shi riƙa dubawa kahin shi saye."

Ku ce ma mai takarda! Wata biyu ban ji irin wannan ba. Na zauna daɓas a ƙasan zaure, hawaye na zuba, ina dariya. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Asabar ta zo na gaya wa Malam Tukur a cire nawa. Ya ɗauka wasa nake. Ya ce ai babu suna a ciki, wa zai san ita ce? Na ce ita za ta sani. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, a ƙarshe ya ce marubucin da sai ya nemi izinin gida kafin ya rubuta gida ba zai yi nisa ba. Gaskiyarsa, ban yi ba. Littafin ya fito da sunayen mutum goma sha wani abu, babu nawa. Biyu daga cikinsu har rediyo suka kai, ina jin muryarsu ina gyara alli a ajin firamare. Na ci jarrabawar, na karɓi takardata, ban sake rubuta labari ba sai wannan da kuke karantawa. In na ce bai taɓa yi mini ciwo ba na yi ƙarya. Amma na sami "ku ce ma wanga" na shekara ashirin da wani abu a kai, kuma ban ga littafin da zai biya ni wannan ba.

Da a nan maganar ta ƙare, da na ce na gane darasin Malam Tukur: na farko banza, na biyu gaskiya. Haka na riƙe har ranar sadakar bakwai ɗin Inna, ranar da Hauwa'u ta yi maganarta. Da yamma, mutane sun ragu, gwaggonku Asabe ta kira ni ɗakin, ta buɗe kwallar da Inna ke ajiye turare da carbinta, ta zaro wani ƙullin tsumma ta miƙo mini. Takarda ce, ta yi laushi kamar tsohon zane. Na ce a raina, Allah sarki, ta adana labarin akuya. Na warware. Sai ga jan biro, huɗu cikin goma. Hajiya Saratu ce.

Na ce, "Ina ɗayan? Mai tara?"

"Wancan? Ai ran nan tak ƙulla daddawa da shi." Asabe ta share hanci da gefen mayafi. "Yaya, wanga shi taka so. Duk sadda kay yi tahiya mai nisa, da kat tahi Makka, da ka kwanta asibiti Gusau, sai ta kira ni ta ce, ɗauko na ƙaryar ga ki karanta min. In na zo wurin sunan sai ta ce, sake nan. Ta hana ni hwaɗa maka, tac ce in na hwaɗa ba ta yahe min ba sai bayan ranta."

Na tambaye ta ko Inna ta taɓa maimaitawa da bakinta. Ta ce a'a, ko sau ɗaya, sai dai leɓenta kan motsa. Amma wata rana ta ce a nuna mata inda sunan yake a jikin takardar, Asabe ta nuna mata duk wuraren, ta haddace su.

To, ga ni nan, na haura sittin, har yau ban san wanne ne rubutun kirki a cikin biyun ba. Malamin da ya san aikin ya ba ɗaya tara, ya ce ɗayan zuciyar mutum ba ta yin irin maganarsa. Matar da aka rubuta dominta ta ƙulla daddawa da mai taran, ta ɓoye mai huɗun tare da carbinta. Da Malam Tukur na raye da na hau mota na kai masa har gida, in ce ya sake dubawa, ko jan bironsa ya yi sauri.

Hauwa'u, takardar na cikin akwatina, ƙarƙashin takardun fansho. Ki ɗauko ki ɗaga ta saitin rana. Sau bakwai na rubuta Lawali a shafi biyun nan, amma ba za ki iya karanta ko ɗaya ba. Duk bakwai ɗin sun goge, wajen biyu har sun huje, don nan take ɗora yatsa.